Famfon Banɗakina Yana Jan Mutum, Kuma Ɗan Yayar Mijina Ne Ya Yi Wayarin

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku. Bara muka tare a gidan da maigidana ya gina, shi kuma yana aiki a Fatakwal, sai bayan wata biyu ko uku yake zuwa. Ɗan yayarsa ne ya yi mana wayarin ɗin gidan gaba ɗaya, kusan kyauta. Tun da sanyi ya shigo muka fara kunna hitar ruwan wanka, in mutum ya taɓa famfon banɗaki da jiƙaƙƙen hannu sai ya ji ya ɗan ja shi. Soket ɗin kicin ya yi baƙi, wani lokacin har ina jin ƙaurin roba. Shekaranjiya 'yata mai shekara 6 ta fito daga wanka tana kuka. Na kira yaron, ya zo ya taɓa da testa, ya ce ba komai, wutar NEPA ce ta yi ƙarfi. Ina so in kawo wani, amma Hajiya, mahaifiyar maigidana, jikanta ne, za ta ce na raina shi. Kuma ban san yadda ake gane mai gyaran wuta na ƙwarai ba, kowa ya zo sai ya ce ya iya. Ya zan yi?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki kai ƙarshen amsar nan, tashi ki je akwatin bireka, wato akwatin makunnan da ke yanke wutar gida, ki kashe na hitar, ki kashe makunninta na bango. In ba ki san wanne ne nata ba, ki kashe babban gaba ɗaya duk lokacin da wani zai taɓa ruwa, kuma ki tabbata janareta ko inbata ba sa aiki a lokacin. Kada ki sa hannu don ki gwada ko ya daina ja. Ki rufe banɗakin da makulli, ki dafa wa yara ruwan wanka a kan gas ko gawayi, ki cire duk abin da ke jone a soket ɗin da ya yi baƙi. Wannan ba ya jiran izinin kowa, kuma ba ya jiran maigida ya dawo.

Na fara da haka ne saboda abin da kika kwatanta ya tsoratar da ni. Wutar gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce. Idan ƙarfen da ke dafa ruwa a cikin hita ya tsufa ko ya tsage, wuta kan zubo cikin ruwan da jikin tankin, ta bi fayif har bakin famfo. A gidan da aka yi wa aiki daidai akwai waya ta uku, koriya ko koriya da ratsin rawaya, wadda masu aikin ke kira atin. Aikinta ta kwashe wannan wutar da ta ɓace hanya ta kai ta ƙasa, na'urar tsaro kuma ta yanke wuta. Tunda famfonki na ja, ko dai wayar babu ita, ko tana nan amma ba ta kai ko'ina ba. Wutar ta rasa hanyar zuwa ƙasa sai ta jikin 'yarki, tana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil. Yau ta ɗan ja ta ne. Lalacewar hita ƙaruwa take yi, ba ta gyara kanta. Maganar cewa wuta ce ta yi ƙarfi kuwa ba amsa ba ce: wuta mai ƙarfi kan ƙone kwan fitila da talabijin, amma ba ta da dalilin shiga famfo.

To ga yadda nake gane mai gyaran wuta, kuma ba daga littafi na koya ba. Lokacin da muka shiga gidan da muke ciki, firjina na jan duk wanda ya taɓa shi ba takalmi. Mutum biyu suka zo, ɗaya ya canja filogi, ɗaya ya ce in ɗora firjin a kan katako. Na uku wani dattijo ne da wata maƙwabciya ta turo mana. Bai ko kalli firjin ba da farko. Ya ce a nuna masa inda atin ya shiga ƙasa. Muka zagaya bayan gida, ya sa yaronsa ya tona gindin bango, sai ga koriyar wayar an naɗe ta a jikin guntun rodi wanda bai wuce tsawon tafin hannuna ba, tsatsa ta cinye shi, ƙasar wurin kuma busasshiya ƙayau. Ya ɗaga guntun ya nuna mini, ya ce, "Hajiya, shekara nawa kuke kwana a kan wannan?" Tun ranar na fahimci cewa aikin wuta kusan duk a ɓoye yake, cikin bango da ƙarƙashin ƙasa. Magini in ya karkatar da bango kowa zai gani. Mai wayarin in ya ha'ince ki, fitila za ta kama, fanka za ta juya, ki yi masa godiya, sai bayan shekara biyu abin ya fito.

Saboda haka abu na farko da za ki duba shi ne abin da mutum ya fara yi idan ya shigo. Wanda ya san aiki tambaya yake fara yi. Me da me kuke kunnawa a gidan? Esi nawa ne? Akwai injin tura ruwa? Kuna da janareta ko sola, kuma ta yaya aka haɗa su? Yaushe jan ya fara? Sannan ya buɗe akwatin bireka, ya nemi atin, ya auna. Wanda ya yanke miki kuɗi ta waya bai ga gidan ba, ko ya tsaya bakin ƙofa ya ce ya gane matsalar, ki sallame shi cikin mutunci.

Ki leƙa jakarsa ma. Testa, wannan ƙaramin sukundireba mai fitila, abu ɗaya kawai yake faɗa: akwai wuta ko babu, kuma ko a nan ma yakan yi kuskure. Ba ya faɗin yawanta, ba ya faɗin ko atin na aiki, ba ya faɗin ko robar waya ta tsage a cikin bango. Ma'aikaci na gaske yana da mita ta hannu mai allo da wayoyi biyu, ja da baƙa, yana da mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya don auna abin da take ɗauka. Akwai kuma na'urar gwada lafiyar robar waya, wadda suke kira mega, da ta auna atin. Ba kowa ke da waɗannan biyun ba saboda tsada, amma wanda ya san aiki ya san su, ya san inda zai aro ko ya yi haya. Ki ce ya nuna miki lambar da mitar ta nuna ya yi miki bayani. Ba sai kin fahimci komai ba. Yadda zai amsa miki kawai za ki gane ko ya san abin da yake faɗa ko kame-kame yake, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Zan ba ki tambaya guda da za ta raba miki gwani da ɗan koyo cikin minti ɗaya. Ki ce masa: wace irin waya za ka sa wa fitilu, wace za ka sa wa soket, wace za ka sa wa hita da esi? Amsar da aka saba, a lambar kaurin waya, ita ce 1.5 ga fitilu da fanka, 2.5 ga soket, 4 ga hita da esi, 6 ga babban murhun lantarki, sannan mai kauri 10 ko 16 daga mita zuwa akwatin bireka, gwargwadon nauyin gidan. Kuma hita da esi kowanne da layinsa da birekarsa, ba a jona su a bayan soket ɗin ɗaki. Dalilin shi ne waya kamar fayif ɗin ruwa take, siririya ba ta ɗaukar abin da mai kauri ke ɗauka. Butar dafa ruwa mai wat 2000 ita kaɗai tana jan kusan amfiya 9, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Ki ƙara dutsen guga da firji a layi ɗaya, a kan siririyar waya, sai ta yi zafi, robarta ta narke. Ƙaurin da kike ji ke nan, ko kuma an bar kan wayar bai ɗauru sosai ba a bayan soket yana tartsatsi. Sai kuma birekar kanta: dole ta yi daidai da wayar da take gadi. Idan aka sa bireka mai amfiya 32 a kan waya 1.5, wayar za ta ƙone birekar na nan zaune ba ta faɗi ba. Wasu in bireka ta dame su da faɗuwa sai su cire ta su sa babba, ko su ɗaure fis da murɗaɗɗiyar waya. Duk wanda ya ba ki wannan shawarar gobara yake shirya miki, ko bai sani ba.

Akwai na'ura ɗaya da nake so ki riƙe sunanta, ki nace sai an sa miki. Ana kiranta RCD, wasu su ce ELCB, kuma ki tabbata an rubuta 30mA a jikinta. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa, ba mutum ba, domin wutar da za ta tsayar da zuciyar yaro ba ta kai ko kusa da abin da zai faɗar da ita ba. Ita RCD tana lura da wutar da ta fita da wadda ta dawo, da zarar ta ga kaɗan ta ɓace, ko ta jikin famfo ko ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji. Ki sa ya danna a gabanki ki ga wuta ta ɗauke, ke ma ki riƙa dannawa lokaci zuwa lokaci. In ya ce ai tana yawan faɗuwa shi ya sa ba ya sawa, ki sani tana faɗuwa ne don akwai inda wuta ke zuba, kuma nemo wurin shi ne aikin da kika kira shi ya yi.

Batun takarda kuma, tana da amfani amma ba ita kaɗai ba. Akwai hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma tana da hurumin duba aikin wuta. Akwai takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, akwai ta NABTEB ga waɗanda suka yi kwalejin fasaha. Ki tambaya, ki ce a nuna miki, ki duba suna da hoto. Ga aiki babba kamar sake wayarin ɗin gida ko haɗa sola, ni zan fi son mai shaidar NEMSA. Amma gaskiya da yawa daga cikin gwanayenmu a hannun oga suka koya, shekara da shekaru, ba su da ko takarda ɗaya. Irin waɗannan aikinsu ne shaidarsu. Ki ce ya faɗa miki gida biyu ko uku da ya yi wa aiki, kuma ba na bana ba, waɗanda suka kai shekara uku ko fiye, domin sabon wayarin duk kyau yake yi. Ki aika ƙaninki ko wani amintacce ya tambayi masu gidan: ya gama a kan lokaci? Da aka sami matsala ya dawo? Ya ɗaga waya? Ya kasance kuma yana da shago ko wurin zama da aka san shi, da mutanen unguwa da za su tsaya masa. Wanda zai shiga har ɗakin kwananki, maigida ba ya nan, dole a san asalinsa. Ki sa wani namiji daga danginki ko na maigida ya zauna da su har su tashi, ki san yara nawa zai zo da su.

Inda ake yawan cutar mutane shi ne sayen kaya. Kasuwa cike take da waya da aka rubuta 2.5 a jikinta alhali cikinta bai kai ba, da wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, da naɗin da tsawonsa bai cika ba. Ki sa a feƙe bakin wayar a kankare da wuƙa a gabanki: jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki, na jabu fari zai bayyana, kuma ba shi da nauyi a hannu. A wannan fannin kayanmu na gida suna da suna mai kyau, irin su Coleman, Cutix da Nigerchin, amma su ma ana kwaikwayonsu, don haka a saya wurin dila da aka sani, a duba tambarin hukumar SON, a karɓo rasit. Shi ma'aikacin ya rubuta jerin kayan da adadinsu a takarda, kuɗin aikinsa daban. Ki kai takardar shago biyu a yi miki farashi. Sannan ku je saye tare da shi da wakilinki, don ya zaɓa da idonsa, kada gobe ya ce kayan ne ba su da kyau. Kada ki ɗauki wanda ya fi kowa sauƙi don sauƙinsa kawai, araha ba ta ado, kuma a aikin wuta ragin daga kaurin waya ake cire shi. Kuɗin aiki a raba uku: kafin alƙalami, tsakiyar aiki, sauran kuma sai an gwada komai a gabanki an kwana biyu ana amfani da shi. Kafin ya tafi ya rubuta a jikin kowace bireka inda take kaiwa, kicin, hita, falo, don kada ki sake tsayawa gaban akwatin ba ki san wadda za ki kashe ba. In an fasa bango an sa sabuwar waya, ki ɗauki hoto kafin a shafe da siminti.

Abu biyu kuma, duk wanda ya kawo miki su ya gama faɗa miki ko shi wane ne. Na farko, ya ce zai zagaye miki mita don ki rage biyan kuɗi. Laifi ne a doka, cin haƙƙi ne, kuma irin wannan jonin na ɓoye shi ke kama wuta. Mita da abin da ke kan fal na KEDCO ne a nan Kano, in matsala daga can take su za a kira. Na biyu, ya haɗa janareta kai tsaye da soket ba tare da canjoba ba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi. Wannan na iya tura wuta baya ta hau layin unguwa ta kashe ma'aikacin da ke kan fal yana zaton an ɗauke, ko ta ƙone janaretan da kayan gida idan aka dawo da wuta.

Yanzu ga Hajiya, wadda na san ita ce ta hana ki barci fiye da wayoyin. Kada ki ɗauki maganar nan ke kaɗai. Yau ki kira maigida, ki nuna masa soket ɗin ta bidiyo, ki bar yarinyar ta faɗa masa da bakinta abin da ta ji. Shi ne zai yi wa mahaifiyarsa magana, kuma shi ne zai ce a kawo wani. A bakinsa umarni ne na mai gida, a bakinki za a iya juya shi ya zama raini. In kin je gaishe ta kuma maganar ta taso, kada ki ce yaron bai iya ba. Ki ce, "Hajiya, wuta ce ta ja takwararki a banɗaki, Abbansu ya ce a kawo babba ya duba." Ko da ba sunanta yarinyar ta ci ba, jikarta ce kamar yadda shi ma jikanta ne, kuma ban taɓa ganin kakar da za ta ji haka ta tsaya kare aikin wayarin ba.

Shi yaron ma ban ɗauke shi mugu ba. Mai yiwuwa iyakar abin da aka koya masa ke nan, ya yi wa kawunsa da zuciya ɗaya, kuma mai yiwuwa kuɗin kayan da aka ba shi ne bai kai ba ya sayi abin da ya samu. Ki ce a kira shi ranar da babban zai zo. Shi ya san inda ya bi da kowace waya a cikin bango, wannan zai rage fashe-fashe da kashe kuɗi. Ya tsaya ya ga yadda ake auna atin da yadda ake ɗaura RCD, a ba shi ɗan abin hasafi na ranar. In mai hankali ne zai tafi da ilimin da zai amfane shi a gidajen da zai yi nan gaba. In kuma ya yi fushi, fushin zai wuce, dangi sun saba da irinsa.

Kafin a gama gyaran, ki tara yaran da mai taya ki aiki ki faɗa musu abu biyu. In wuta ta kama mutum, ba a taɓa shi da hannu: a kashe babbar bireka, in ba a kai gare ta ba a ture shi da busasshen katako ko sandar tsintsiya, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. In soket ya kama da wuta, ba a watsa ruwa, a kashe wutar tukuna, a zuba yashi ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda, a kira 112. Ita kuma ƙaramar, in ta yi ƙorafin ciwon ƙirji, bugun zuciya ko jiri, ko kika ga tabon ƙuna a hannunta ko tafin ƙafarta, ki kai ta a duba ta yau. Ki rubuto mini abin da aka tarar idan an tona gindin bangon. Allah ya tsare ku.